Yadda Ake Bambance Fantsamar Jini da Kashin Ƙuda a Wurin da Aka Tsinci Gawa

Mu ɗauka watan Afrilu ne, lokacin da zafin Kano ke haura digiri 40. Wani magidanci da ke zaune shi kaɗai a ɗakin haya a Kurna ya kwana biyu ba a gan shi a masallaci ba. Wari ya fara fitowa, aka kira mai unguwa, aka ɓalle ƙofa. Ga shi kwance a katifa, jini ya fito masa ta baki da hanci ya taru a kan ledar ɗaki. Sai wani ya ɗaga kai ya ga bangon da ke kusa da taga, da silin, har da jikin ƙwan fitila duk sun yi ɗigo-ɗigo, ɗaruruwa, wasu ja wasu baƙi-baƙi. Kafin 'yan sanda su iso labari ya gama layi: duka aka yi masa har jini ya yi tsartuwa sama. Kafin la'asar an fara ambaton sunan wanda suka yi sa-in-sa da shi kan kuɗin wuta.

Alhali yana iya yiwuwa ciwo ne ya yi ajalinsa, ɗigon da ke bango kuma aikin ƙuda ne.

Abin da ya sa lamarin ke da wuyar sha'ani shi ne, ɗigon nan jini ne na gaske, kuma jinin mamacin ne. Ƙuda ya sha a ƙasa ya je ya ajiye a sama. In ka kai shi ɗakin gwaji za a ce maka jinin mutum ne, in an yi gwajin DNA ma zai iya fito da mai jinin. Saboda haka na'ura ba za ta fitar da kai kunya ba. Abin da zai raba gardama shi ne idon wanda ya fara shiga ɗakin, da abin da ya rubuta, da abin da ya hana mutane yi a sa'ar farko. A garin nan kuwa wanda ke fara shiga ba ƙwararre ba ne: maƙwabci ne, ko ɗan sintiri, ko mai unguwa, ko kurtun ɗan sanda daga caji ofis mafi kusa. Su nake wa wannan bayani, tare da ɗaliban da ke sha'awar fannin da lauyoyin da za su yi wa mai shaida tambayoyi a kotu.

Ka fara sanin yadda ƙuda ke ci

Ƙuda ba ya tauna. Bakinsa kamar soso yake, ruwa kaɗai yake iya tsotsa. In ya tarar da abu busasshe sai ya amayo ruwan cikinsa a kai ya narkar da shi, sannan ya zuƙe. In ya ƙoshi sai ya tashi ya nemi wurin hutawa, a can ya riƙa fito da ɗan kumfa daga baki yana mayarwa, wani ya ɗiga, kuma ya yi kashi. Hanya uku ke nan da yake barin tabo: amai, kashi, da abin da ya kwaso a ƙafafunsa. Akwai ta huɗu da ba a cika lura da ita ba, wato cinye gefen tabon jini na asali har kamanninsa su canza.

Wanda ya fi ɓarna shi ne koren ƙudan nan mai sheƙi da ake gani a Abbatuwa da teburan mahauta, wanda masana ke sanya shi a dangin Chrysomya da Lucilia. Akwai ƙudan gida da kowa ya sani, akwai kuma wani ƙato mai ruwan toka da zane a gadon baya, wanda tsutsa yake haifa kai tsaye maimakon ƙwai. Muddin akwai kafar shiga, cikin mintuna suke jin wari su sauka. Wannan hanci nasu an daɗe ana cin moriyarsa. A shekarar 1247 wani alƙalin ƙasar Sin mai suna Song Ci ya rubuta labarin wani kisa da aka yi da lauje, inda mai bincike ya sa mutanen gari kowa ya kawo laujensa aka jera a rana. Duk da an goge shi, a kan lauje ɗaya ƙudaje suka taru, mai shi ya amsa laifi. Ƙudan da ya tona asiri a can, shi ne kuma ke iya ƙaga wa marar laifi sharri a nan.

Mataki na farko: tsayar da hannun jama'a

Duk abin da al'adarmu ta koya mana mu yi idan mun tarar da gawa da jini, kusan dukkansa yana ɓata shaida, kuma da kyakkyawar niyya ake yinsa. Wani zai buɗe tagogi don wari ya fita. Wani zai kunna fanka. Wata za ta kawo kasko da turaren wuta. Wani zai ɗauko maganin sauro ko fiya-fiya ya feshe ɗakin. Wani kuma zai watsa yashi ko toka a kan jinin don kada a taka.

Ka hana duka. Buɗe taga gayyato sababbin ƙudaje ne, kuma yana ba na ciki damar guduwa, su da ake bukatar a kama. Fanka tana tayar da busasshen jini ta watsa shi. Maganin ƙwari yana kashe tsutsar da za a yi lissafin lokacin mutuwa da ita, yana kuma cakuɗuwa da abin da likita zai nema idan ana zargin guba. Yashi kuwa ba sai an faɗa ba.

In ƙofa a rufe aka same ta, a leƙa a tabbatar rai ya yi halinsa, sannan a ja ta a rufe, a sa mutum ɗaya mai faɗa a ji ya tsaya a bakinta. In da sauran numfashi, to asibiti ne gaba da komai, shaida ta biyo baya. A kira 'yan sanda, ko a buga 112.

Wurin da ake shan wuya shi ne dangi. Suna son a suturta mamaci a gaggauta kai shi makwancinsa, kuma suna da gaskiyarsu. Kada ka yi musu magana da harshen doka. Ka sami babba a cikinsu ka ja shi gefe: "Baba, Allah ya jiƙansa, ya ba ku haƙuri. Don Allah a ɗan saurara wa hukuma. In wani ne ya zalunce shi, a ɗakin nan haƙƙinsa yake, in kuma kwana ne ya ƙare, kada a ɗora wa wani bawan Allah." Mai unguwa ma ka roƙe shi: "Ranka ya daɗe, kai za su ji wa magana, a taimaka a mayar da yara baya." Batun sutura kuma, maimakon a ɗauko bargo daga cikin ɗakin a lulluɓa masa, wanda zai goge jini ya kuma kawo gashi da zare daga wani wuri, a rataya zane a bakin ƙofa ta waje. In a fili ne, mutane su riƙe zannuwa su kewaye daga nesa.

Mataki na biyu: agogo da hoto, tun kafin tunani

Ƙudajen da ke cikin ɗakin ba su san ka iso ba, aikinsu suke ci gaba da yi. Kowace sa'a da ta wuce tabo na ƙaruwa. Don haka rubuta lokacin da aka buɗe ƙofa, ka rubuta ko taga a buɗe take ko a rufe, ko akwai ragar sauro, ko ta yage, ko fitila a kunne take, ko fanka na juyawa, da kimanin yawan ƙudan da ka gani da inda suka fi taruwa. Wannan ɗan rubutu da za ka raina, wata rana shi zai tsaya maka a gaban alƙali.

Sai hoto. Wayar hannu ta isa in babu kyamara. Fara daga bakin ƙofa ka ɗauki ɗakin gaba ɗaya, kusurwa huɗu da silin. Sannan kowane bango shi kaɗai. Sannan ka matsa kusa da tabon, ka riƙe wayar ta fuskanci bangon sak, domin in ka karkata, zagayayyen ɗigo zai fito kamar dogo. A kowane hoton kusa ka sa rula a gefe. In babu rula, katin ATM tsawonsa milimita 85.6 ne, ka juya shi yadda lamba ba za ta fito ba, kada kuma ya taɓa jinin.

Ga wata dabara mai arha: zaɓi wani yanki na bango kamar faɗin tafin hannu biyu, ka ɗauke shi da isowarka, ka sake ɗaukarsa bayan awa biyu ko uku. In ɗigon ya ƙaru, ka kama mai yinsa da hannu dumu-dumu.

Hoton nan kuma na bincike ne. Wanda ya tura shi WhatsApp ko Facebook ya ci mutuncin mamaci da iyalansa.

Mataki na uku: dubi inda tabon yake kafin ka dubi kamanninsa

Tsaya wuri guda ka tambayi kanka: jinin da ya taso daga inda gawar take, zai iya kaiwa nan?

Jini in ya fantsama, a miƙe yake tafiya sannan nauyi ya rinjaye shi ƙasa. Ba ya shan kwana. Ba ya zagaya bayan labule, ba ya shiga ƙarƙashin kanta, ba ya fita ta ƙofa ya karya zuwa soro. Ƙananan ɗigon da ke fita kamar feshi idan an yi harbi, waɗanda ba su kai milimita 1 ba, iska ke tare su, da wuya su yi nisa da inda suka fito. To in ka ga irin wannan ɗigo siriri a wani ɗaki daban, ko a can ƙarshen bango mita huɗu daga gawa, kuma tsakaninsu fes babu komai, ka fara zargin ƙuda.

Ƙuda kuma yana da wuraren zamansa da duk matar gida ta sani. Yana son haske da ɗumi: gilashin taga da katakonta, labule, ƙwan fitila, farin bango, madubi. Da dare ba ya yawo, sai ya lafe a silin, a wayar lantarki da ke reto, a igiyar rataye kaya, a fukafukin fanka. Duk wanda ya taɓa goge fankar sama ya san baƙin ɗigon da ke jikinta. In tabon ya yi cincirindo a waɗannan wurare, ya bar bangon da ke daf da gawar, ƙuda ne ya fi kusa da zargi.

Kada ka manta da tsohon kashin ƙuda. Ɗakin da ake cin abinci a ciki, ko shagon da ke kusa da mahauta, dama can bangonsa da tabo. Leƙa ɗakin da ke maƙwabtaka ka ga ko haka nasa bangon yake.

Mataki na huɗu: matso da gilashin ƙara girma

A nan aikin yake, kuma a nan ake son haƙuri.

Ɗigon jini yana tafiya a iska a dunƙule. In ya bugi bango kai tsaye sai ya bar zagayayyen tabo. In ya zo a karkace sai tabon ya yi tsawo kamar ƙwayar kankana, da ɗan wutsiya siriri a gaba, kuma wutsiyar nan tana nuna inda ɗigon ya dosa. Gefensa biyu daidai suke, in ka raba shi a tsaye kowane ɓari zai yi kama da ɗan'uwansa. Har lissafi ake yi da shi: in faɗin tabon rabin tsawonsa ne, to a kan kusurwar digiri 30 ya sauka. Babban abin lura shi ne, ɗigon da suka fito daga bugu ɗaya suna da tarbiyya. Na kusa da juna wutsiyoyinsu gefe ɗaya suke kallo, suna buɗewa kamar mafici.

Na ƙuda ba shi da wannan tarbiyya. Girmansa yawanci milimita 1 zuwa 2 ne, kamar ƙwayar gero ko ƙasa da haka, kuma iri-iri ne.

Na amai zagayayye ne, sau da yawa da ɗan tudu, wani kuma da ɗan gurbi a tsakiya kamar na tandar waina, inda ƙudan ya kafa baki ya zuƙe. In ka haska tocila daga gefe, ba daga gaba ba, gurbin zai fito da inuwarsa.

Na kashi shi ne mai yaudara, don yana da wutsiya. Ƙudan yana yi yana tafiya, sai ya ja shi. Amma wutsiyar tana lanƙwasa, tana kama da talibambam, ko waƙafi, ko harafin wawu a allo. Wata tana kallon sama, ta kusa da ita tana kallon ƙasa, ta uku tana kallon taga. A shekarar 2003 Mark Benecke, masanin ƙwari ɗan ƙasar Jamus, da Larry Barksdale, ɗan sanda a jihar Nebraska ta Amurka, suka wallafa wata ƙa'ida mai sauƙi: auna tsawon wutsiya ka auna tsawon jikin ɗigon, in wutsiyar ta fi jikin tsawo, ƙuda ya fi kusa. Ƙa'idar tana da amfani, sai dai kada ka rataya komai a kanta, don binciken da ya biyo baya ya nuna cewa da yawan tabon ƙuda ba su da wutsiya sam, kuma kamanninsu na canzawa da irin ƙudan da irin abin da ya sauka a kai. A kan tayil ko fenti mai sulɓi za ka ga siffa sarai. A kan yaɓen ƙasa, ko bulon da ba a yi wa filasta ba, ko yadi, komai jiƙewa yake ya baje, kuma a irin wannan wuri ni ba na yarda da wanda zai rantse a kan ɗigo ɗaya.

Sai launi. Jinin da ya fantsama lokaci ɗaya tare yake bushewa, launinsa kusan ɗaya. Na ƙuda kuwa gauraye yake: ga ja, ga ruwan ƙasa, ga baƙi, ga mai haske kamar ruwan shayi, duk a tafin hannu ɗaya, saboda wani ya ratsa cikin ƙudan ya narke, wani bai narke ba, kuma ba rana ɗaya aka ajiye su ba.

Kama da wane ba ta wane. Kada ka yanke hukunci da ɗigo biyu ko uku. Zaɓi ashirin ko fiye daga wurare daban-daban, ka ba kowanne lamba, ka rubuta tsawonsa da faɗinsa da inda wutsiyarsa ta nufa.

Mataki na biyar: gwajin zare

Ɗauki dogayen ɗigon da ka zaɓa. A kan hoton da aka buga, ko da zare a gaban bangon ba tare da ka taɓa tabon ba, ja layi ta tsakiyar kowanne zuwa baya, wato kishiyar inda wutsiya ta nufa. In bugu ne ya fantsama jinin, layukan za su je su haɗu a yanki ɗaya, kuma yankin zai yi ma'ana: daidai kan mutumin da ke tsaye, ko zaune, ko kwance. In ƙuda ne, layukan za su watse kamar an zubar da tsintsiya.

Abin da ya fi wahala shi ne inda aka sami biyun a haɗe, an yi kisan da gaske, sannan ƙuda ya zo ya yi nasa a kai. A nan sai a ware duk wanda ake shakka, a yi lissafi da waɗanda suka tsira kaɗai. Ganin kashin ƙuda a ɗaki bai wanke kowa ba, kamar yadda bai kama kowa ba.

Mataki na shida: san iyakar sinadari

Akwai ruwan gwajin da ake ɗigawa a auduga ya koma ruwan hoda in akwai jini, ana kiransa Kastle-Meyer, akwai kuma luminol mai walƙiya shuɗiya a duhu. Dukkansu za su amsa a kan kashin ƙudan da ya sha jini. Masu bincike a Ostareliya sun nuna cewa ana iya ciro DNA na mutum daga irin wannan tabo. Ka ga haɗarin: ƙuda na iya shan jini a wannan ɗaki ya tsallaka katanga ya sauka a rigar maƙwabci da ke kan igiyar shanya. A gidajen haya na cikin gari, inda ɗakuna goma ke kallon tsakar gida ɗaya, wannan ba tatsuniya ba ce. Ɗigo ɗaya ko biyu ƙanana a rigar mutum bai isa a ce ya shiga ɗakin ba.

Wasu sun gwada shuɗin haske da tabarau ruwan lemo, inda wani kashin ƙudan ke ƙyalli shi kuwa jini ya yi duhu. Wani masani a Amurka mai suna David Rivers ya yi aiki kan gwajin da ke gano ruwan narkar da abinci na cikin ƙuda a jikin tabo. Ci gaba ne, amma kai da ke tsaye a ɗaki a Dorayi ko Rijiyar Lemo, ido da rula su ne a hannunka.

Mataki na bakwai: sauran baƙin da ba a gayyata ba

Kyankyaso da dare yake fitowa. Yana bi ta cikin jini ya fita da shi, ya bar layi siriri da ɗigo-ɗigon sawu a gefe biyu, yawanci a gindin bango zuwa wata kafa ko magudana. Wanda bai sani ba zai ce an ja wani abu ne a ƙasa.

Tururuwa da kiyashi fatar gawa suke ci. Suna barin tabo marar zurfi mai karkataccen gefe, ruwan ɗorawa ko ruwan ƙasa, a wuya, ko leɓe, ko gefen ido. In a ɓangaren da jini ya kwanta ne bayan mutuwa, har ɗan jini yakan tsattsafo. An sha ɗaukar wannan a matsayin yagar farce ko ƙunar taba. Ka ɗauki hoton tururuwar tana kai kafin a ɗaga gawar, don da an motsa za su watse. Likitan binciken gawa, irin waɗanda ke Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, shi zai faɗi ko raunin kafin mutuwa aka yi shi ko bayanta, amma hoton naka zai rage masa aiki. Su tururuwan nan kuma suna kwashe ƙwan ƙuda da ƙananan tsutsa, abin da ke iya rikita lissafin kwanaki.

Tsutsa in ta ƙoshi barin gawa take ta nemi wuri busasshe mai duhu, kuma a zafi irin namu ba ta kai mako take fara wannan ƙaura. Tana jan ruwan gawa ta bar layuka sirara masu lanƙwasa da suka fito daga gawar suka bazu. Bi layin, ɗaga tabarma ko gefen kafet, za ka tarar da ita ta zama wani abu ruwan ƙasa mai tauri kamar kashin ɓera. Kada a share shi. Shi ne mafi tsufa a ɗakin, shi ya fi faɗin tun yaushe aka mutu.

Kuɗin cizo da ƙuma suna barin baƙin ɗigo a katifa da bangon da ke jikin gado, amma tsoho ne, a ɗinkin katifa yake taruwa. Sauro kuwa, wane bango ne a Kano babu inda aka murƙushe shi? In ka duba da gilashi za ka ga ƙafa ko fiffike a cikin tabon. Kada ka raina shi. A 2008 'yan sandan ƙasar Finlan sun sami sauro a cikin wata motar da aka sace, jinin cikinsa ya kai su ga wanda ake zargi. A 2022 ma an yi makamancin haka a birnin Fuzhou na ƙasar Sin, da sauron da ɓarawo ya kashe a bangon gidan da ya fasa. Wani bincike a Japan ya nuna ana iya gane mai jini har kimanin kwana biyu bayan sauro ya sha. Sai dai shi ma sauro fiffike gare shi, yana iya cizon mutum a waje ya shigo ya mutu a ciki.

Mataki na takwas: ɗaukar samfur

Wannan aikin jami'i ne, ba na maƙwabci ba. Safar hannu da takunkumi, kuma a canza safa tsakanin wuri da wuri. Ba a fafe gora ranar tafiya, don haka jakar aiki ta zauna a shirye: auduga mai tsinke wadda ba a buɗe ba, tataccen ruwa, ambulan na takarda, ƙananan kwalabe, etanol (ruwan sifirit mai ƙarfi da ake adana ƙwari a ciki), ma'aunin zafi, ɗan koma na kama ƙwari, da fulas na ruwan zafi.

Tabon da kake ganin jini ne na asali da wanda kake zargin na ƙuda ne, kowanne ambulansa daban, a rubuta a kai. Jiƙa audugar kaɗan, goga, bar ta ta bushe a inuwa, sannan ka sa a takarda. Kada ka sa a leda. Leda tana riƙe danshi, kafin samfur ya isa inda za a gwada shi ya yi fumfuna, balle da damina. Ka tuna tafiyar na iya yin nisa, Legas ce ta buɗe cibiyar gwajin DNA ta jiha a 2017. Goga wata audugar a wurin da babu tabo kusa da nan don kwatance. In abin ɗauka ne, kamar labule ko kalanda, a ɗauke shi ɗungurungum.

Kama manyan ƙudaje kaɗan ka sa a etanol. Tsutsa kuma ɗebi manya-manyan ka raba biyu. Kashi ɗaya ka zuba musu ruwan zafi wanda ya kusa tafasa na kimanin rabin minti, sannan ka juye su a etanol mai ƙarfin kashi 70 zuwa 80. In ka jefa su da rai a etanol ƙanƙancewa suke, alhali da tsawonsu ake lissafin kwanakinsu. Kada a sa su a ruwan adana gawa na asibiti, yana lalata DNA. Kashi na biyu a bar su da rai a kwalba da ɗan yankin hanta, a rufe bakin da ƙyalle, har su zama ƙuda a gane irinsu. Auna zafin ɗakin da na waje ka rubuta da lokaci, domin girman tsutsa da zafi yake tafiya, ta hunturu ba ta sauri kamar ta bazara. Zafin kwanakin baya kuma ana neman sa a tashar hukumar hasashen yanayi da ke filin jirgin saman Malam Aminu Kano.

Mataki na tara: abin da za ka rubuta

Rubuta abin da ka gani, ka bar abin da kake zato. "Ɗigo kimanin 200 a saman taga ta gabas, milimita 1 zuwa 2, wutsiyoyi ba su fuskanci gefe ɗaya ba, launi gauraye, ƙudaje masu rai a ɗakin" ya fi "jini ya fantsama a bango" sau dubu, don jimlar ta biyu ta riga ta yanke hukunci. Sashe na 68 na Dokar Shaida ta 2011 ya ba kotu damar karɓar ra'ayin ƙwararre a kan al'amarin kimiyya, amma ƙwararren da bai je ɗakin ba da hotonka da rubutunka zai yi aiki. Lauyan da ke kare wanda ake tuhuma kuma, tambayoyinsa uku ne: awa nawa tsakanin mutuwa da hoton farko, taga a buɗe take ko a rufe, kuma akwai ƙuda a ɗakin?

Mataki na ƙarshe: horar da ido tun babu gawa

Ba sai ka jira an yi kisa za ka koyi wannan ba. Ranar layya, ko duk ranar da aka yanka kaza a gida, tari ɗan jini a murfin kwalba. Sami farin kwali guda biyu. Na farko ka jingina shi da bango, ka jiƙa soso da jinin ka ajiye a gabansa, ka buga masa muciya sau ɗaya. Wannan shi ne fantsamar gaske, ka ɗauke shi ka adana inda ƙuda ba zai kai ba. Na biyu ka shimfiɗa shi a cikin katon, ka ajiye sauran jinin a tsakiya, ka bar katon ɗin a buɗe a inuwa har ƙudaje su taru, sannan ka rufe bakinsa da tsohon gidan sauro ka bar su kwana biyu, nesa da madafa da hannun yara.

Rana ta uku ka jera kwalayen biyu a ƙasa, ka ɗauko gilashi da tocila da rula. Nemi gurbin tanda, nemi harafin wawu, ja layukanka a kan kowanne ka ga inda suka haɗu da inda suka watse. Sannan ka yanka kowane kwali gida takwas, ka rubuta amsa a bayan kowane yanki, ka cakuɗa su, ka miƙa wa abokin aikinka ya ware, shi ma ya cakuɗa ya miƙo maka. Yankunan da kuka kasa warewa ku ajiye su gefe ku sake dubawa da hasken safe. In da hali ku maimaita gwajin a kan tayil, da tsohuwar atamfa, da ɓallin bulo, sau ɗaya da damina sau ɗaya da hunturu.